Ladabin da Ya Kusa Koro Ni daga Ingila

Tun da na dawo ban huta ba. Duk inda na zauna, a wurin mai shayi na Anbariyya ko a ƙofar gida bayan la'asar, sai wani ya matso ya ce, "Yaya Ingila? Da gaske rana ba ta fitowa? Da gaske da karnuka suke kwana?" Na ba da amsa har bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina. Amma in faɗa muku tun yanzu: sanyi ya ba ni wuya, abinci ya ba ni wuya, Turanci ma ya taɓa ni, sai dai duk cikinsu babu wanda ya kusa mayar da ni gida. Abin da ya kusa koro ni hannu rabbana shi ne ladabin da aka koya mini a garin nan.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Haruna, a unguwar Harra ta Gabas a Madina aka haife ni. Mahaifina, Alhaji Idi, yana yaro iyayensa suka taso da shi daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, suka daɗe a Sudan suna aikin auduga kafin su tsallako teku. A cikin dabinon Khaibar, arewa da Madina, ya girma, yana yi wa masu gonaki aiki, har Allah ya ba shi 'yar tasa gonar. Ni kuwa makaranta aka sa ni, na gama na kama aiki a ofishin noma, ɓangaren ruwa. Daga can aka zaɓe ni in je in ƙaro ilimi na shekara biyu. A lungunmu ba a taɓa tura kowa ba kafin ni, saboda haka tafiyar ba tawa ba ce ni kaɗai. Tsofaffin da ban taɓa haɗa ido da su ba sun zo har gida sun dafa kaina. In na dawo babu takardar shaida, ban san da wace fuska zan bi ta gabansu ba.

Na tashi bayan ƙaramar Sallah, an gama yankan dabino. Motar haya na shiga zuwa Jidda, direban wani Balaraben ƙauye mai gudu kamar ana bin sa. Muka tsaya a Badar muka ci kifi, shi ne abinci mai yaji na ƙarshe da na ci na tsawon lokaci, ban sani ba, da na ƙara. A filin jirgi kuwa alhazai sun fara sauka, kowa shigowa yake, ni kaɗai nake fita. Wata tsohuwa daga Sakkwato ta ji ina Hausa ta riƙe mini hannun riga, ta tambaye ni inda za ni. Da na gaya mata sai ta sake ni.

"Ɗan nan, mu mun sayar da shanu don mu ga Madina, kai kana barinta ka tafi wurin Nasara? Lafiyarka ƙalau?"

Na ce mata karatu ne, Inna. Ta ce Allah ya shirya. Ban tabbata ko addu'a ce ko faɗa ba, na dai ce amin.

A Landan mai duba fasfo ya dubi koren littafin, ya dube ni, ya sake duban littafin. Ya ce, "Saudiyya?" Na ce e. Ya ce, "Amma asali daga ina?" Wannan tambayar ba baƙuwata ba ce, ko a gida ana yi mini ita, sai dai ban zaci za ta riga ni isa Ingila ba. Daga nan aka tura ni ɗaukar hoton ƙirji. Sannan ɗan kwastan ya buɗe gwangwanin dabinon da Baba ya danna mini da hannunsa, ya yi ta tsokana da fensir. Na ga kamar yana sha'awa, na ɓallo masa ɗan curi. Mutumin ya ja da baya yana kaɗa hannu, ka ce cin hanci na miƙa masa a gaban alƙali. Butar alwalata ma ta sha kallo, ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya mayar.

Garin karatun tafiyar awa guda da wani abu ne a jirgin ƙasa. Sunansa ya gagari Baba, "garin malaman Nasara" yake ce masa, ni ma haka zan bar shi. Tsohon gari ne na duwatsu, da kogi a tsakiyarsa, kowa a kan keke har da masu furfura. Ɗalibai na yafa baƙar alkyabba su je cin abinci. A tsakar kowace makaranta akwai ciyawa shimfiɗe wadda manyan malamai kaɗai ke da izinin takawa. Rana ta farko na ratsa ta kanta da akwatina, wani mai gadi mai baƙar hula ya biyo ni yana "Yallaɓai! Yallaɓai!" cikin murya mai sanyi da jan ido. Ga ƙararrawar coci ta kowace kusurwa. Ku tuna ni ɗan Madina ne, garin da wanda ba Musulmi ba ba ya shiga. Ban taɓa jin wannan ƙara ba, kuma ban taɓa zama ɗaki ɗaya da Bature ba sai a wannan makon.

Ɗaki aka kama mini a gidan wata dattijuwa da mijinta ya mutu, Misis Doris. Masu tambayar kare, ga amsarku: e, tana da shi, kuma a kan kujerar falo yake kwana, kujerar da ta fi tawa taushi. Da na iso ta ce ko zan ci abinci. Na ce a'a, na gode, kamar yadda duk ɗan mutunci zai yi, ina jiran ta sake tayi. Ta ce "To," ta ɗauke farantin. Da dabino na kwana. Banɗakinta kuma shimfiɗe yake da darduma, ni kuwa alwala sau biyar. Bayan 'yan kwanaki ta ce mini, da murmushi, tana mamakin ko wani famfo ne ke yoyo, don dardumar ba ta bushewa. Na durƙusa na taya ta neman inda yake yoyon, da zuciya ɗaya. Sai daga baya aka fahimtar da ni cewa haka Bature yake faɗa.

Abinci ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Kabeji dafaffe, dankali dafaffe, kifi dafaffe, duk ɗanɗanonsu ɗaya, na ruwan zafi. Na yi mafarkin ful da tamis, wake da gurasar da ake sayarwa a bakin Harami, na yi mafarkin miyar kukar mahaifiyata. Wandona ya fara sauka da kansa.

Yanzu ga inda maganar take. A can ba a aji kawai ake karatu ba. Kowane ɗalibi yana da malaminsa, mako-mako kana rubuta abu ka kai masa ɗakinsa, ku biyu rak, ka karanta, shi kuma ya yi ta sukarsa. Nawa sunansa Dakta Wilkis, tsoho mai farin kai da lofe a baki, ya yi ƙuruciyarsa a gonakin dabinon Basra, yana Larabci irin na littafi. Da ganinsa na san sa'an Baba ne, ko ma ya girme shi. Na yi masa abin da na iya. In ya shigo nakan miƙe, ba na zama sai ya ce, ba na ɗaga ido in kalle shi. Sau ɗaya na karɓi jakarsa zan ɗauka, muka yi 'yar ja-in-ja a kan matakala.

Mu da muka yi karatu a gindin ginshiƙan Masallacin Annabi mun san yadda ake zama gaban malami. Murya ƙasa-ƙasa, don wurin ba wurin ɗaga murya ba ne. In malam ya yi tuntuɓe a karatu, ba ka ce masa ya yi kuskure. Kana bari a watse, ka matsa ka ce, "Allah gafarta Malam, wurin nan ban fahimta ba," shi da kansa zai gano. A gida ma haka. Ban taɓa ce wa Baba "ba haka ba ne" ba, kuma ban taɓa jin ya ce wa wanda ya girme shi haka ba. Ba tsoro ba ne. Mu a wurinmu tsoho abin rufawa ne.

Wata rana Dakta ya busa hayaƙi ya ce a Khaibar ba a buƙatar a hau macen dabino a sa mata furen namiji, iska ta wadatar. Ni da tun ina ƙarami nake bin Baba da damin furen nan a cikin riga, ƙaya na yagar ƙafata. Na ce, "Haka ne, Dakta." Wani makon ya ce farin gishirin da ke tsatsowa a kan ƙasar gona taki ne, dabino na son sa. Na ce, "Haka ne, Dakta," har na rubuta a gabansa don ya ji daɗi. A raina tausayinsa nake ji. Na ce Allah sarki, tsufa ya kama bawan Allah, ya fara ruɗewa, bai kamata baƙo kamata ya tona shi ba.

Ana gab da hutun Kirsimeti, na gama karanta masa rubutuna, sai ya ajiye lofen a kan tebur.

"Malam Haruna, tun da ka zo nake shirga maka ƙarya, kana rubutawa."

Na ji kunnuwana sun yi zafi. Na ce na san ba daidai ba ne.

"Ka sani? To me ya hana ka faɗa?"

"Kai sa'an mahaifina ne, Dakta."

Ya tsura mini ido, ni ina kallon takalminsa. Da ya sake magana babu faɗa a muryarsa, kuma hakan ya fi ciwo. Ya ce rubutuna ba shi da laifi, amma bai san ko nawa ba ne ko na littattafan da na karanta, don bai taɓa ganin na tsaya a kan wata magana ba. Ya ce a ƙarshe malamai biyu za su zaunar da ni su yi ta rushe abin da na rubuta, in ban kare shi ba babu takardar shaida. Ya ce zuwa ƙarshen zango mai zuwa dole ya shaida wa makaranta ko zan ci gaba. In har ba zan iya ce masa a'a ba, gara in koma gida da wuri, kada in ɓata shekara biyu a cikin sanyi.

Na fito ana yayyafi, tun ƙarfe huɗu gari ya yi duhu. Na tuna hannayen tsofaffin lungunmu a kaina. Wallahi ban taɓa jin gajiya irin ta ranar ba. A ce ka tsallako duniya, a kore ka don ka girmama mutum.

Wanda na kai wa kuka shi ne Lawal, Bakatsine mai karatun shari'a. A sallar Juma'a muka haɗu, a wani ɗaki da Musulmin garin ke taruwa a saman shagon wani ɗan Pakistan. Tun ranar farko yake yi mini dariya, wai Hausata irin ta kakarsa ce aka zuba mata Larabci. Shi ya koya mini tuƙa tuwo da garin shinkafa, Allah ya saka masa. Da na ba shi labari sai da ya ajiye cokali don dariya.

"Mutumin Madina, kai fa waliyyi ne. Ya ce gishiri taki ne ka ce na'am?"

"Ya akhi, to yaya zan yi? Yani mutumin nan shaiba ne, furfura har gira. Aibu ne, wallahi."

"Aibu a gidanku. Nan ba shi kake duka ba, maganarsa kake duka."

Na ce a wurinmu mutum da maganarsa ba sa rabuwa. Ya ce, "To ka raba su, ko ka haɗa kayanka."

Duk hutun nan gardama muka yi. Ya ce rana daga yamma take fitowa, in ce ƙarya ne. Ya ce dabinon Agadas ya fi na Madina, in taso masa. Da Lawal babu wuya, tsarana ne, har zaginsa nake yi. Amma da aka koma makaranta na shiga ɗakin Dakta na ga farin kan nan, sai harshena ya koma inda ya saba. Makonni suka yi ta wucewa. Nakan shirya maganar tun a kan keke, in hau matakala da ita, in na buɗe ƙofa ta narke. Shi kuma ya daina yi mini ƙarya, ya daina tsokanata, yana dai sauraro yana duban taga. Na gane ya fara fid da rai.

Saura kaɗan zangon ya ƙare, muna maganar ban-ruwa, ya ce manoman Hijaz, ƙasarmu, suna malala wa dabino ruwa fiye da kima saboda rashin sani kawai. Har yau ban san ko da gaske yake ko tarko ne ba. Na dai ji ana cewa Baba bai san aikinsa ba. Na ce, "A'a, Dakta." Muryar ta fito 'yar ƙarama, kamar ta wani. Ya juyo. Na ce, "Ba haka ba ne. Ruwan da kake gani ya yi yawa, shi ke tura gishiri ƙasa ya bar saiwa. Wanda ya rage shi zai kashe gonarsa."

Sai tsohon nan ya gyara zama kamar an kawo masa abinci. Ya taso mini, na kare, ya sake tasowa. Rabin abin da na faɗa ya rushe shi a gabana, ya nuna mini ramukan da ban gani ba. Rabin kuwa ya tsaya. Da lokaci ya cika ya miƙo mini hannu ya ce, "Yau ka fara karatu." Na fita na sami benci a bakin kogi na zauna. Kuna zaton murna na yi? Ji na yi kamar na mari kawuna a kasuwa aka tafa mini.

Daga nan dai hanya ta buɗe. Abin da aka yi sau ɗaya, na biyu ya fi sauƙi. Kafin shekara ta zagayo ina kallon Dakta cikin ido, ina katse shi, wata rana har na buga tebur. Azumi ya same ni a can cikin bazara, rana ta ƙi faɗuwa, Misis Doris tana leƙo ni tana tambaya ko in kira likita. Sanyi na biyu ya zo ya wuce. Malaman nan biyu suka zaunar da ni, suka yi ta rusau, na yi ta gini, suka ba ni takardata.

Amma akwai abin da na lura da shi tun kafin in taso. Kunnena ya canza. Liman na huɗuba, ni ina neman inda hujjarsa ta yi rauni. Lawal na ba ni labarin garinsu, ina cewa a raina wannan bai bi wancan ba. Ko mai kanti ya ce gobe za a yi ruwa, sai in ji ina son in tambaye shi da me ya dogara. Abin ba ya kashewa. Da can in babba na magana hutawa nake yi, in jingina da maganarsa. Yanzu babu inda zan jingina, kuma wannan gajiya ce da barci ba ya maganinta.

Na sauka Jidda zafi ya rungume ni, na yi hamdala. Da motarmu ta hango koriyar ƙubbar Masallacin Annabi na yi kuka ban ji kunyar kowa ba. Aka yanka rago, tsofaffin lungu suka zo, takardar ta bi hannu-hannu, wasu a juye suka riƙe ta. Wannan duk kun gani, kuna wurin. Abin da ba ku gani ba a Khaibar ya faru.

Bayan mako biyu Baba ya ce in raka shi gona. Ina Ingila ya sayi injin ban-ruwa, yana alfahari da shi. Amma dabinon da ke gefen kwari sun fara rawaya, ganyensu na bushewa daga baki. Muka zauna a inuwa da abokansa biyu, tsofaffin manoma, ana zuba gahawa. Baba ya ce ya gano dalili: ruwan inji da zafinsa yake fitowa, ƙarfe ya taɓa shi, ba shi da albarka irin ta ruwan marmaro. Maganinsa a ƙara yawansa, a riƙa sakinsa da sassafe. Abokan suka gyaɗa kai.

Ni kuwa tun da muka shigo na ga abin. Injin na zuba ruwa fiye da yadda ƙasar ke iya shanyewa, tsohuwar magudanar da ke fitar da shi ta toshe, ruwan ya kwanta a ƙarƙashi yana ɗago gishiri zuwa saiwa. In aka ƙara, sauran ma za su bi. Na ji "a'a" ta taso mini har maƙogwaro, da sauƙinta, kamar a ɗakin Dakta. Na haɗiye ta. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Baba."

Baƙin suka tafi, aka bar ni da Baba. Yana wanke 'yan kofunan gahawa, bai dube ni ba.

"Ya waladi, ka yi shiru ɗazu."

"Na'am, Baba."

"Ba irin shirun da ka tafi da shi ba ne. Da can in ina magana ji kake yi. Yau awo kake yi." Ya kife kofin a kan tire. "Khalas, shi ke nan, babu kowa. Faɗi abin da ke bakinka."

Na so in bi ta tsohuwar hanya, in ce akwai wurin da ban fahimta ba. Amma dabinon na mutuwa, kuma Baba ya riga ya gano ni. Na faɗa masa, da mafi taushin kalmomin da na samu. Ya saurara har ƙarshe. Ya tashi ya je bakin magudanar ya daɗe a tsaye, ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya ɗanɗana. Washegari ya kira ma'aikata aka haƙe ta, aka rage injin.

Dabinon sun fara farfaɗowa, sabon ganye ya fito kore. Baba bai yi fushi ba, har gaya wa mutane yake yi ɗansa ya ceci gonar. Sai dai mutumin da tun ina goye yake ba ni labarin dabino, wanda ba ya iya wuce bishiya bai gaya mini halinta ba, tun ranar bai ƙara gaya mini komai a kansu ba. Jiya muna zagayawa ya tsaya gaban wata wadda shi ya dasa ta da hannunsa kafin a haife ni. Ya daɗe yana kallonta. Na tsaya a bayansa ina jira ya fara, kamar da. Sai ya juyo, ya ɗan matsa gefe ya ba ni wuri, ya ce, "Me ka gani, Malam?"